Rainon Dashen Itace Don Gandun Daji: Daga Tsintar Iri Zuwa Rami

Duk shekara idan damina ta sauka a Gombe za ka ga motoci maƙare da dashen itace a baƙar leda, sun nufi makarantu da bakin titi da gandun daji. Tun da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green, wanda aka fi sani da 3G, a 2019, da burin dasa itace miliyan ɗaya kowace shekara, neman dashe ya ƙaru. Ga kuma shirin katangar itatuwa ta Afirka da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya ratsa jihohi 11 na Arewa, har da Gombe da Bauchi. Matasa da dama sun shiga harkar raino, wasu a ƙungiyance, wasu a bayan gida.

Abin da nake so mai shiga harkar ya riƙe tun farko shi ne, dashen gandu daban yake da na tsakar gida. Na tsakar gida yana da uwargida mai juye masa ruwan wanke-wanke kullum. Na gandu kuwa, daga ranar da aka take gindinsa aka juya baya, ba mai sake ba shi ko moɗa ɗaya. Zai sha ruwan sama wata biyu ko uku, sannan ya shiga wata bakwai babu ɗigo, ga akuya, ga gara, ga gobara. Duk abin da za ka yi a lambun raino, wannan ranin kake shirya masa.

Kafin a taɓa shebur

Gandun daji irin na Kanawa a Yamaltu-Deba, ko Wawa-Zange wajen Dukku, yana hannun gwamnatin jiha. Kyakkyawar niyya ba ta ba ka izinin shiga ka haƙa rami. Je ka sami malamin daji na yankin, ya nuna maka inda ake son cikewa, ku taka wurin da ƙafa tare. Duba ƙasar: jigawa ce, tsakuwa ce, laka ce mai tsagewa da rani, ko bakin rafi? Waɗanne itatuwa suka rage a tsaye, kuma kututturen wane ne ya fi yawa? Kututture ba ya ƙarya, shi zai gaya maka abin da wurin yake haifarwa kafin gatari ya shiga.

Daga nan ku gaida jauro, wato mai garin, ku gaida arɗo. Tambayi inda burtali ya bi da inda mashaya take, ka kauce musu. Wanda ya dasa a kan hanyar shanu ya yi wa shanu shuka ne, ya kuma sayi rigima kyauta.

Lissafi daga baya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar tafiyar dashe a ƙasar Gombe tana tsakanin tsakiyar Yuli da tsakiyar Agusta, lokacin da ruwa ya zauna, ka haƙa kamu ɗaya ka tarar da laima har ƙasa. A kudu, wajen Kaltungo da Billiri, ana iya somawa da ɗan wuri. A Nafada da Dukku da Funakaye, inda damina ba ta da tsawo, kada ka yarda Agusta ya raba ba ka gama ba.

Daga wannan ranar kake ƙirgowa baya. Masu saurin girma irin su dakwara, bagaruwa, gawo, dogon yaro da zogale, wata 3 zuwa 4 ya ishe su a leda, wato a shuka su daga Maris zuwa farkon Afrilu. Itacen turare yana son wata 4 zuwa 5. Maɗaci, tsamiya, kuka da ɗorawa sun fi nawa, a ba su wata 5 zuwa 6, a shuka a Fabrairu da zarar sanyi ya fara sassautawa, domin iri yana jinkirin tsirowa a tsananin hunturu. Ke nan cika leda aikin Disamba da Janairu ne, tara taki kuwa tun kaka.

Wata shekara ofishin da ya ba mu aikin raino bai kawo leda ba sai ƙarshen Mayu. Muka shuka a gurguje. Agusta ya zo dashe bai wuce tsawon yatsa ba, aka ɗaga bikin dashe zuwa Satumba. An yi jawabai, an ɗauki hotuna masu kyau. Da muka koma a Afrilu, a wasu layukan ramuka kawai muka tarar. Tun daga lokacin, in Janairu ya kama leda ba ta iso ba, nakan sa yara su fara tsinto mini ledar fiya wata.

Sai adadi. Hekta ɗaya, in tazara mita 3 ce ta kowane gefe, tana cin dashe 1,111. In mita 4 ce, 625. In mita 5 ce, 400. A busasshen wuri na fi son mita 4 ko 5, tunda ruwan da za su raba kaɗan ne. Abin da ka samu ka ɗora masa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, na waɗanda za su ƙi tsirowa da waɗanda za ka zubar. Mai hekta 10 a tazarar mita 4 yana buƙatar 6,250 a rami, don haka ya cika leda wajen 8,000.

Wurin raino

Ruwa ne sharaɗin farko. Raino aikin rani ne, kuma tsakiyarsa tana faɗowa Maris da Afrilu, daidai lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Kada ka leƙa rijiya a Nuwamba ka ce ta isa, tambayi maƙwabta yadda take da bazara. A lissafina, dashe 10,000 yana shan wajen lita 1,000 a rana idan zafi ya tsananta, duro biyar ke nan, ko jarka 40. Wanda yake kusa da madatsar Dadin Kowa ko bakin kogin Gongola ya huta. Wanda yake inda sai an sayo tanka, ya sa kuɗin ruwan wata shida a lissafi tun kafin ya fara. Ka ɗanɗana ruwan ma. In yana da ɗanɗanon kanwa ko gishiri, zai bar fari-fari a bakin leda, ya ƙona ƙananan tsiro.

Fili ya zama shimfiɗaɗɗe mai ɗan gangare, inda ruwa ba ya kwanciya kuma mota tana iya shiga da damina. Shinge kafin komai: waya in da hali, in babu dangar kara da ƙaya, a toshe ƙasanta saboda kaji. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata uku kafin a idar da sallar Azahar. Ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, a kafa zana.

A yanka fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10, tsawon ya bi gabas da yamma, a bar hanya ta santimita 60 tsakani don baro. An zaɓi faɗin mita ɗaya ne domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A sama a yi rumfar kara ko zana mai shara-shara, wadda rabin hasken rana ke ratsawa, kuma a yi ta yadda za a iya zare karan kaɗan-kaɗan daga baya.

Iri: nan ya kamata a daɗe

Shiga kowane lambun raino, dogon yaro da turare za ka fi gani, saboda sun fi sauƙi kuma suna saurin cika ido. Dukansu baƙi ne, dogon yaro daga ƙasar Indiya, turare daga Ostareliya. Suna da amfaninsu a bakin titi da layin kare iska, ban musa ba. Amma fili mai dogon yaro zalla bai zama dajin da iyayenmu suka sani ba, turare kuma mashayin ruwa ne, ba a sa shi kusa da mashaya ko gona, ga gara tana sonsa yana ƙarami. In gandu ake son farfaɗowa, mafi yawan ledarka ta tafi ga itatuwan gida.

A jigawar arewacin jiha, dakwara mai ba da ƙaro, aduwa, gawo da magarya sun fi jurewa. Laka mai riƙe ruwa ta bagaruwa ce. Bakin rafi da kwari a sa maɗaci, kanya da ɗinya. Tudu mai ƙasa mai zurfi ya karɓi ɗorawa, tsamiya, kuka, kirya, marke, kawo da madobiya, wadda 'yan katako suka yi wa laƙabi da madrid suka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin har ta yi ƙaranci. Akwai kuma wata hikima da ba ta shafi ƙasa ba: mutane suna kare itacen da ke ba su miya. Ɗorawa, tsamiya da kuka suna da masu tsaro a kowane gida, don haka ka sa su da yawa a gefen gandu da ke kallon gari.

Ka tsinci iri da kanka, daga yankin da ya yi kama da inda za a dasa. Irin kasuwa ba ka san uwarsa ba, ba ka san shekararsa ba. Zaɓi uwa lafiyayya, miƙaƙƙiya, mai yawan 'ya'ya. Kada ka tsaya a itace ɗaya don yana bakin hanya ka cika buhu. Tara daga uwaye 20 zuwa 30, tsakanin kowace da 'yar'uwarta aƙalla taku ɗari, ka gauraya. Dashe dubu daga uwa ɗaya 'yan ɗaki ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya ta kama duka.

Iri kashi biyu ne, kuma rashin sanin wannan ya jawo wa mutane da yawa asara. Akwai mai taurin ɓawo da ke jure ajiya: dakwara, bagaruwa, gawo, tsamiya, kuka, ɗorawa, kirya. Yawancinsu da rani suke nuna, ɗorawa kuma sai bazara, shi ya sa kalwar da za ka shuka a Fabrairu ta bara ce. Waɗannan a ɓare, a wanke garin ko tsamin da ke jiki, a shanya a inuwa mai iska har su bushe ƙarau, a sheƙe, a gauraya da toka ko garin ganyen dogon yaro saboda ƙwaro, a rufe a jarka ko kwalba a ɗaki mai sanyi. Duk ƙwayar da ka ga ɗan huji a jikinta, ƙwaro ya riga ka. Gawo ya fi kowa wannan matsala, don haka a ɓare shi da wuri, kada a bar shi a cikin kwanso.

Akwai kuma wanda ba ya jiran kowa. Dogon yaro, da zarar 'ya'yan sun yi rawaya sun faɗo, a murje naman, a wanke, a sha iska kwana biyu, a shuka cikin mako biyu ko uku. In ya yi wata biyu a buhu, mafi yawansa ya mutu. Maɗaci yana fashe ƙwallonsa da rani, iska ta watsa iri masu faɗi kamar ɓawon gyaɗa, don haka a tsinko ƙwallon da ya fara tsagewa a shanya ya buɗe da kansa, a shuka a wannan ranin, kada a ajiye wa baɗi. Kaɗanya ta fi su gaggawa: da damina take zuba, kuma cikin mako guda ake so ƙwallon ya shiga ƙasa. Saiwarta tana nutsewa da nisa kafin ganye ya leƙo, leda tana takura mata, shi ya sa na fi son a binne ta kai tsaye a inda za ta zauna. Haka giginya da goruba. Ceɗiya da durumi kuwa ba su buƙatar wannan wahala, reshe ake sarowa a kafa da damina.

Kafin ka shuka buhu, gwada. Ƙirga ƙwaya 100, ka yi musu abin da za ka yi wa sauran, ka sa a kwanon jiƙaƙƙen yashi. Bayan mako biyu zuwa uku ka ƙirga. In 80 suka tsiro, ƙwaya ɗaya ko biyu a leda ta isa. In 40 ne, sa uku. In bai kai 20 ba, nemi wani iri tun da sauran lokaci.

Tayar da iri daga barci

Taurin ɓawo yana hana ruwa shiga, shi ya sa ƙwayar kuka ko bagaruwa take iya yin watanni a ƙasa ba ta motsa ba. A daji, cikin dabba ne ke yi mata wannan aiki. Irin gawo da aduwa da magarya da aka tsinto a turken awaki yana tsirowa da kyau ba tare da an yi masa komai ba, kuma kyauta ne.

A lambu hanya mafi sauƙi ita ce ruwan zafi. Tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka juye a kan irin, ruwan ya ninka irin sau biyar. Bar shi ya huce a ciki ya kwana. Da safe waɗanda suka kumbura a shuka su nan take, waɗanda suka ƙi a maimaita musu. A lura, sauke ruwan ake yi kafin a zuba. Wanda ya bar iri yana tafasa a tukunya daddawa ya fara haɗawa. Wannan hanya ta dace da bagaruwa, gawo, kuka, kirya da ɗorawa. Dakwara ɓawonta bai kai nasu tauri ba, ruwan sanyi na kwana ɗaya ya ishe ta, tafasasshe yana iya kashe ta. Tsamiya da aduwa ma jiƙo a ruwan sanyi kwana ɗaya ko biyu. Maɗaci, dogon yaro da zogale ba a yi musu komai.

In irin ba shi da yawa, ko yana da tsada, ka fi samun tabbaci da hannu: ɗan gutsure ɓawon da abin yankan farce, ko ka goga a siminti har fari ya ɗan bayyana, ta gefen da yake nesa da idon ƙwayar, sannan ka jiƙa ya kwana. Manyan wuraren raino suna amfani da asid. Ban ba kowa shawarar ya taɓa shi a bayan gida ba.

Ƙasa da leda

Haɗin da nake yi: baro biyu na ƙasar sama, baro ɗaya na yashin rafi, baro ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In ƙasarka jigawa ce ka rage yashi, in laka ce ka ƙara. A tankaɗe da ragar waya a fitar da tsakuwa da tarkace. Gwajin hannu ya fi kowane awo: jiƙa kaɗan, ka dunƙula. In ya dunƙulu, ka taɓa da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya ƙi dunƙuluwa yashi ya yi yawa, zai zube ranar dashe. In ya dunƙulu kamar na ginin tukunya, saiwa ba za ta sha iska ba.

Taki ya zama wanda ya kwana watanni, ya yi baƙi, ba wari, ba zafi in ka cusa hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, ɗanyen na shanu yana kiran gara da ciyawa. Wata dabara kuma: ɗebo ƙasa kaɗan daga gindin uwar itacen ka barbaɗa a haɗin. Akwai ƙananan halittu a cikinta da ke zama a saiwa suna taimaka wa itace cin abinci, su ne ke yin ƙulle-ƙullen nan da kake gani a saiwar gawo da dakwara kamar na wake.

Leda mai faɗin baki wajen santimita 8 da tsawon 18 zuwa 20 tana cin kusan lita ɗaya, baro guda yana cika 60 zuwa 70, fangali ɗaya yana ɗaukar wajen 1,400. Ga itatuwan daji tsawon leda ya fi faɗinta muhimmanci, saboda uwar saiwa ƙasa take nufa. Ledar fiya wata gajera ce, ta dace da masu wata uku kawai. Kowace iri ce, a huda gindinta da gefen ƙasa. A cika rabi, a buga a ƙasa sau biyu, a ƙarasa, a bar ɗan yatsa ɗaya a baki domin ruwa. A jera su tsaye cak, a tokare gefen fangali da bulo ko ƙasa. Ledar da ta karkace, itacenta a karkace zai tashi. A yi ban ruwa kwana uku kafin shuka, ciyawar da za ta fito ta fito a cire.

Shuka da makonnin farko

Zurfin shuka ninki biyu na kaurin ƙwayar, kada a wuce haka. A tsakiyar leda, a rufe da yashi. Maɗaci a kwantar da shi a rufe sama-sama. In biyu suka tsiro, bayan mako biyu a cire mai rauni, ko a mayar da shi ledar da ta ƙi.

Turare ƙwayarsa kamar ƙura take, ba a shuka ta a leda kai tsaye. A gauraya da lallausan yashi, a barbaɗa a kan fangalin da aka lallasa, a danna da katako, a yayyafa ruwa a hankali. Idan tsiro ya yi ganye huɗu zuwa shida sai a tsige zuwa leda, da yamma, a ƙarƙashin rumfa. Jiƙa fangalin, ka ɗago tsiron da tsinke, ka riƙe shi ta ganye, kada ta wuya, ka sa a kwanon ruwa. Huda rami a leda da tsinke mai kaurin fensir, ka zura saiwar ta miƙe, ka ɗan ɗago shi sama kaɗan domin bakin saiwar kada ya lanƙwashe, sannan ka matse ƙasa daga gefe. Saiwar da ta lanƙwashe a wannan minti ɗaya haka za ta zauna har itacen ya girma, iska ta kayar da shi.

Ban ruwa safe da yamma, da buta mai kan yayyafi, kada a kwarara da bokiti ya tone iri. Cusa yatsa a leda kafin ka zuba. Yawan ruwa ya fi ƙarancinsa kisa a makonnin farko: za ka wayi gari ka ga tsiro sun ruɓe daidai wuya sun kife, wuri guda kamar an zana da'ira. Cutar laima ce, kuma cunkoso da duhun rumfa da ɗanyen taki ke kiranta. Kwashe waɗanda suka kamu da ƙasarsu, ka buɗe rumfa, ka tsallake ban ruwan yamma, ka barbaɗa busasshen yashi da toka kaɗan.

Ɓera da kurege suna tone iri, gyare yana datse tsiro da dare, ƙadangare yana tsinke sabon toho, kwaɗo yana haƙa gida a leda. Raga ko ƙaya a kan fangali tana rage su. Fara da tsutsa kuwa, daka rabin kilo na busassun 'ya'yan dogon yaro, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace, ka fesa da yamma. Ciyawa a cire tana ƙarama. In ganye ya fara rawaya, ƙulla taki a buhu ka tsoma a duro mako ɗaya, ka sirka ruwan har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, ka ba su sau ɗaya a mako. Yuriya tana ba da kore mai ban sha'awa da dogon jiki marar ƙwari, ka bar wa masara.

Saiwa

Wani dattijo da na koyi aikin a hannunsa, Baba muke ce masa, ya taɓa tarar da ni ina alfahari da wani fangalin maɗaci da ya kai mini ƙugu, ganye shar. Bai ce komai ba. Ya sunkuya ya ja leda ɗaya, sai muka ji ƙas, wani abu ya tsinke a ƙasa. Ya farke ledar da wuƙa, ya karkaɗe ƙasar, ya miƙo mini. Rabin saiwar ya nannaɗe a gindin leda kamar gammo, rabin da ke ciyar da itacen kuma ya huda ya shige ƙasar fangali, can muka baro shi.

Na ce, "Baba, ai ya fi kowanne tsawo."

Ya ce, "Ɗana, ƙasar lambun nan ce ta ba shi tsawon, ita kuwa ba za ta bi shi gandu ba."

Maganin wannan ba shi da wuya, naci kawai yake so. Daga mako na huɗu ko na shida, duk mako biyu a ɗaga kowace leda a matsar da ita, saiwar da ta leƙo a datse da wuƙa mai kaifi. A yi da yamma, a bi da ruwa. Gawo da dakwara da aduwa sun fi kowa gudun saiwa, su kusan duk kwana goma. Datsewar tana sa itacen ya fitar da ƙananan saiwoyi da yawa a cikin leda, waɗanda su ne za su kama ƙasa bayan dashe. Lokacin matsarwa ka jera su bisa tsawo, dogaye gefe ɗaya, domin kada su danne gajeru.

Saura mako 4 zuwa 6 a fita, sai horo. A zare rumfa kaɗan-kaɗan har su tsaya a rana tsaf. Su gawo da bagaruwa da dakwara ma tun suna mako biyu ko uku ba su buƙatar inuwa. A daina taki. A mayar da ban ruwa sau ɗaya a rana, sannan bayan kwana biyu, har ganye ya riƙa ɗan langaɓewa da rana yana farfaɗowa da yamma. A buɗa tazara tsakanin ledoji iska ta kaɗa su. Abin da ake nema shi ne dashe mai tsawon santimita 25 zuwa 40, wuyansa ya kusa kaurin fensir, jikinsa ya fara yin itace. Mai rauni, mai cuta, mai kai biyu, da siririn da ya yi tsawo yana rangaji, a zubar. Zubarwar tana da ciwo, musamman in da adadi ake biyanka, amma rami da ɗauka da gadin da za a kashe wa gurgun dashe daidai yake da na lafiyayye.

Ɗauka da dashe

A haƙa ramuka tun ruwan farko, santimita 40 ta kowane gefe da zurfi, ƙasar sama gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A wuri mai gangare ko fako, a yi kunya mai siffar jinjirin wata a ƙasan kowane rami, bakinta yana kallon tudu, ta tare ruwan da ke gangarowa.

Daren tafiya a ba dashe ruwa ya ƙoshi. A ɗauka ta leda, kada ta wuya. A jera a tsaye a daro ko akwati, ba a ɗora wani kan wani, a rufe motar da tamfol ko zana, direba ya tafi a hankali. Iskar buɗaɗɗiyar mota daga Gombe zuwa Dukku ta isa ta busar da ganye. A ɗebi abin da za a iya dasawa a ranar kawai.

Ranar da aka kwana da ruwa, ko hadari ya rufe, ita ce ranar dashe. Yanke gindin ledar kamar yatsa ɗaya da wuƙa, nannaɗaɗɗiyar saiwar ta tafi da shi. Tsaga gefe, ka zare ledar ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Zuba ƙasar sama a gindin rami, ka zaunar da dashen yadda wuyansa zai yi daidai da fuskar ƙasa, ka cike, ka take da ƙafa ta kowane gefe, ka bar ɗan kwari a kewaye. A tattara ledojin a buhu a fita da su. Saniya tana haɗiye leda, kuma ranar da ta arɗo ta mutu da ledarku a ciki, gadin dashenku ya ƙare.

Ciyawa a nome mita ɗaya kewaye da kowane dashe, sau biyu kafin ruwa ya ɗauke. A wasu gandayen hukuma tana ba manoman kusa izinin shuka gyaɗa ko wake tsakanin layuka shekara biyu ko uku, noman da suke yi wa amfaninsu ya zama noman itacen. Tsari ne mai kyau in an rubuta ranar fita tun farko. Dawa da masara ba su dace ba, suna rufe dashe. A Oktoba, kafin ciyawa ta bushe, a share layin kare gobara mai faɗin mita 5 ko fiye kewaye da wurin, a kuma tsayar da mai gadi daga cikin mutanen garin, wanda ya san akuyar kowa.

A ƙirga sau biyu, layi-layi, kowane iri daban: a Nuwamba, sannan a ƙarshen Mayu bayan ruwan farko. Ƙirgar Nuwamba ce za ta nuna maka ledar cike gurbi da za ka ƙara a Janairu, ta Mayu kuma ta nuna irin da wurin ya karɓa da wanda ya ƙi. Wajen ƙirga kada ka yi saurin tumɓuke wanda ba shi da ganye. Ƙaramar kuka takan zama kamar busasshen tsinke duk rani, tsamiya da maɗaci da akuya ta datse sukan toho daga gindi. Kanƙari ɓawon da farce kusa da ƙasa, in ka ga kore, kewaye shi da ƙaya ka wuce na gaba.